Yadda Ake Kare Garkar Inabi Daga Ƙwari da Cututtuka

Yawancin irin inabin da ake ci ya saba ne da ƙasashen da ruwan sama ke sauka lokacin sanyi, lokacin zafi kuma ya zo a bushe. Shi ya sa idan aka kawo shi inda damina ke haɗa zafi da laima, kamar yankin Kudan a jihar Kaduna inda nomansa ya kankama, cututtukan ganye ne suka fi cinye wa manomi kuɗi da ƙarfi. Galibin magungunan feshi tare cuta suke yi kafin ta shiga, ba sa mayar da ganyen da ya riga ya kamu, don haka aikin yana farawa tun ba a ga tabo ko ɗaya ba.

Mataki na farko shi ne zaɓen dashe da wurin dasawa. A ɗauko reshen dashe daga uwar da aka ga lafiyarta da ido, domin cutar da ke naɗe ganye tana bin reshe, kuma ba ta da magani sai tuge kurangar. A guji kwari inda ruwa ke kwanciya. Idan an taɓa noma tumatir ko kuɓewa a filin aka ga saiwarsu ta yi ƙulli-ƙulli, to akwai ƙananan tsutsotsin ƙasa masu cin saiwa, kuma abin da ya fi shi ne a dasa inabi ɗan aure, wanda aka ɗora a kan gindi mai juriya irin Dogridge ko Ramsey. Da aure ne Faransa ta ceto garakenta bayan ƙwaron saiwa da ya shigo daga Amurka ya yi musu kaca-kaca tun daga shekarun 1860.

Mataki na biyu shi ne datse rassa, kuma a ganina ya fi kowane magani tasiri. A ƙasa mai zafi inabi ba ya barcin hunturu kamar na Turai, datsewar ce ke sa shi sabon toho da fure, saboda haka manomi ne ke zaɓar lokacin da 'ya'yan za su fito. A daidaita datsewar 'ya'ya da ɗaukewar ruwa, yadda fure da nuna za su faɗo cikin rani. Duk reshen da aka yanke, da busassun 'ya'yan da suka maƙale, da ganyen da ya zube, a kwashe su a ƙone nesa da garka, domin a cikinsu cuta ke fakewa har wata shekara. Bayan toho ya yi tsawo sai a rage rassan da suka cunkushe a kan rumfa, a cire 'yan ganyen da suka rufe nonon inabin, don iska ta ratsa raɓa ta bushe da wuri, amma kada a tsiraita shi gaba ɗaya rana ta ƙona shi. Ban ruwa kuwa a gindi ake yi, ba a jiƙa ganye.

Mataki na uku shi ne sanin cutar da ake yaƙa, domin akwai fumfuna iri biyu da ake yawan rikitawa alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ta damina ce: tana fara nuna kanta da tabo rawaya a saman ganye kamar an ɗiga mai, idan aka juya bayan ganyen kuma a ga farin abu kamar auduga. Wanda yake shakka ya tsinki ganyen ya sa a leda tare da 'yar jiƙaƙƙiyar takarda, ya ɗaure ya ajiye a duhu ya kwana. Idan ita ce, da safe zai tarar farin ya fito. Ta biyu ba ta buƙatar ruwan sama, ta fi son inuwa da cunkoso, tana bayyana kamar an barbaɗa toka a ganye da 'ya'ya, kuma takan sa 'ya'yan su tsage. Akwai ta uku mai zuwa da ruwa, wadda ke huda ganye, ta yi wa 'ya'ya tabo mai toka-toka a tsakiya da baƙi a gefe kamar idon tsuntsu. Ta farko da ta uku maganin jan ƙarfe ne ke tare su, ta biyu kuwa farar wuta.

Mataki na huɗu shi ne haɗa maganin. Haɗin jan ƙarfe da aka daɗe ana amfani da shi shi ne na Bodo (sunan wani yanki ne a Faransa), wanda masanin tsirrai Millardet ya gano a 1882, lokacin da ya lura cewa kurangun bakin hanya da aka shafa wa shuɗin ruwa don tsorata masu tsinka ba su zubar da ganye ba, ya kuma bayyana shi ga jama'a a 1885. Ana auna kilo 1 na shuɗin gishirin jan ƙarfe, wato kofa salfet, da kilo 1 na laim, a lita 100 na ruwa, wanda ya kama giram 160 na kowanne ga injin feshi na goyo mai cin lita 16. Laim ɗin da ake nufi shi ne na ƙonannen dutse da aka jiƙa, farar ƙasar da ake haƙowa ba za ta yi ba. A narkar da kowanne daban a bokitin roba, kada a yi da na ƙarfe, sannan a zuba ruwan shuɗin cikin ruwan laim a hankali ana motsawa. A tsoma wuƙa mai tsabta na ɗan lokaci, idan ta fito da ja-ja a jikinta to laim bai isa ba, a ƙara. A tace da ƙyalle, a yi feshin a ranar, domin ba ya kwana. Ga toho mai laushi a rage ƙarfin zuwa rabi.

Mataki na biyar shi ne lokacin feshi. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daga gab da fure zuwa kamar mako huɗu bayansa, kuma a nan ne bai kamata a yi sakaci ba ko da aljihu ya yi sanyi. A yi feshi kafin ruwa, a maimaita bayan an yi mamako, a kuma karkata bakin injin ya jiƙa bayan ganye, domin ta nan cutar damina ke shiga. Farar wuta tana ƙona ganye idan zafi ya haura digiri 32, don haka a bazara sai da sassafe ko da yamma lis, kuma ba a yinta cikin mako biyu da fesa wani abu mai mai. Magungunan da ke ratsa jikin tsiro, irin mai sinadarin metalaksil, suna aiki sosai, sai dai idan aka yi ta maimaita su cutar takan saba, don haka a riƙa sauyawa. Mai feshi ya rufe hanci da jiki, ya juya wa iska baya.

Mataki na shida ya shafi ƙwari. Wanda ya fi naci shi ne farin ƙwaro mai kama da auduga, da ke ɓuya ƙarƙashin ɓawo da tsakanin 'ya'ya, yana zubar da darɓa wadda baƙar fumfuna ke hawa. Jerin tururuwa a kan gindi alama ce ta yana nan, domin su ke kiwonsa saboda zaƙin. Bayan datsewa a ɓare tsohon ɓawon da ya saki, a ɗaura leda a gindi a shafa mata abu mai danƙo don tare masu hawa, a kuma yi feshin man darbejiya da ɗan sabulu tun suna ƙanana. A riƙa duba gindi da sandunan rumfa saboda gara.

Idan 'ya'ya suka fara canza launi, sai tsuntsaye da jemagu da rina su iso. Raga da aka lulluɓe rumfa da ita ta fi gwangwani da mutum-mutumi, waɗanda tsuntsu ke sabawa da su cikin 'yan kwanaki, mai ƙaramar garka kuma yana iya sa kowane nono a jakar takarda. Daga wannan lokaci a duba kwanakin da aka rubuta a jikin kowane magani tsakanin feshin ƙarshe da tsinka, domin wasu suna da tsawo ƙwarai: a Amurka, maganin fumfuna mai suna mankozeb sai an bar kwana 66 kafin a tsinki inabi. A riƙa bi da almakashi ana cire duk ɗan da ya fashe ko ya ruɓe kafin ya shafi na kusa da shi.