Yadda ake gane shaƙewar muryar da tushenta ke ƙwaƙwalwa, da yadda ake neman magani

A karkarar Kano da Jigawa, idan muryar mutum ta dishe sai a ce sanyi ne ko ƙurar hunturu, a dafa masa citta da kanumfari a zuba zuma. Sau da yawa hakan kan wadatar. Amma akwai shaƙewar da ba ta jin wannan, wata da watanni mutum na magana kamar an maƙure shi. Likitoci na kiranta sifasmodik disfoniya. Sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin jiki ne ke aika saƙo ba daidai ba, sai tsokokin murya a maƙogwaro su riƙa fizga da kansu. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Matakin farko shi ne saurare. Iri mafi yawa, tsokokin matsewa suke yi, murya ta fito da ƙyar, kalma ta tsinke a tsakiya. A ɗaya irin buɗewa suke yi, sai iska ta ƙwace, magana ta koma raɗa. Ga abin da ya fi rikita dangi: mai ciwon kan yi dariya garau, ya yi kuka, ya rera waƙa ba tangarɗa, amma da an miƙo masa waya sai murya ta kulle. A nan ake zaluntar bayin Allah. A ce baiwar Allah ƙarya take yi, ko sammu ne, ko iskokai. Wannan sauyin kuwa shi ne babbar alamar ciwon, domin hanyar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen dariya daban take da ta magana. Damuwa na ƙara shi, shi ya sa ya fi tsanani a gaban surukai ko a taro.

Daga nan sai a ɗauki muryar a waya, ran da ta yi sauƙi da ran da ta ɓaci, don a kunna wa likita. A riƙe watan da abin ya fara.

Sai asibiti. Duk dishewar da ta haura mako 3 tana buƙatar likita, don a tabbatar ba ƙari ba ne ko tarin fuka a maƙogwaro. A daina kashe kuɗi a kemis, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya taɓa wannan ciwo. A nemi takardar turawa daga asibitin ƙaramar hukuma zuwa wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zai zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanci, ya sa mai ciwon magana yana kallon motsin tsokokin. Mintuna kaɗan ne, ba a sumar da mutum. Gwajin jini ba ya nuna ciwon. Ana iya haɗawa da likitan ƙwaƙwalwa da mai koyar da gyaran magana.

Batun magani, gara a faɗi gaskiya: ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana samun sauƙi sosai. Wanda aka fi dogara da shi allurar Botox ce, ɗan mitsitsi a cikin tsokar muryar, don ta saki. Kwanakin farko murya kan yi rauni, ruwa na iya sarƙe mutum, don haka a riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. Amfaninta wata 3 zuwa 4 ne, sai a sake. Ƙwararre kaɗai ke yin ta. A tambayi likita inda ake samu da kuɗinta tun kafin a sayar da akuya ko hatsi. Horon numfashi da magana na taimakawa tare da allurar, tiyata kuma sai idan sauran sun gaza.

A gida, kada a riƙa ƙarasa wa mai ciwon zance ko a ce ya ɗaga murya. A rage ƙarar rediyo, a matso kusa, a jira ya kai aya.