Yadda Ake Zaɓen Na'urar Ankararwa Ta Gida Mai Aiki Tare Da Kayan Zamani

Magidancin da ya shiga shagon masu sayar da kyamarori da kayan tsaro a Kaduna, abin da aka saba fara nuna masa shi ne fuskar waya: ga yadda zai kunna fitilar tsakar gida yana Abuja, ga yadda zai buɗe get ba tare da ya sauko daga mota ba. Waɗannan abubuwa suna da amfaninsu, amma bai kamata su zama ma'aunin farko ba. Aikin na'urar ankararwa shi ne ta gane an shigo, ta yi ƙara mai tayar da unguwa, sannan ta sanar da wanda zai iya kawo ɗauki. Saboda haka tambayar da za a fara yi wa mai shago ita ce: idan an ɗauke wuta, intanet ya yanke, kamfanin da ya ƙera na'urar kuma ya daina amsawa, shin jiniya za ta yi kuka? Duk na'urar da amsarta ba "eh" ba ce kai tsaye, a bar ta a shagon, komai kyan manhajarta.

Tsarin bai da sarƙaƙiya. Akwai uwar na'ura, wato akwatin da ke karɓar saƙo ya yanke shawara. Akwai ƙananan na'urori masu tsinkayar motsi ko buɗewar ƙofa, waɗanda masu sana'ar ke kira sensa. Akwai jiniya ta ciki da ta waje, sai kuma allon danna lambobi ko rimot na kunnawa da kashewa. Uwar na'urar ce ta cancanci mafi yawan tunani da mafi yawan kuɗi, domin sensa ana iya ƙarawa a hankali, amma sauya uwa yakan nufin sauya komai.

A fara da wuta, tunda ita ce ta fi damunmu. Dole uwar na'ura ta kasance da batirinta a ciki. Ƙa'idar Turai mai suna EN 50131 ta kasa waɗannan na'urori mataki huɗu, kuma mataki na 2, wanda ya dace da yawancin gidajen zama, yana buƙatar batirin ya riƙe tsarin na awa 12 bayan ɗaukewar wuta. A Turai wannan ya wadatar, amma duk wanda ya taɓa ganin taransifomar unguwarsu ta lalace ya san awa 12 ba komai ba ce. Don haka idan gidan yana da inbata ko sola, a ɗora uwar na'urar a kan layin da ba ya yankewa, a kuma haɗa da rauta mai rarraba intanet, domin mutane da yawa sukan manta da ita, sai na'urar ta kasance a raye amma ba ta da hanyar aika saƙo. Akwatunan da ake jawo musu waya galibi suna amfani da batir mai volt 12, wanda yake tsufa cikin 'yan shekaru, kuma zafi da yawan ɗauke wuta suna gaggauta tsufansa. A sa masa ranar canji, kada a jira ya mutu. Haka nan a saka abin kariya daga bugun wuta, saboda tsawar damina da kuma fizgar da ake samu lokacin juyawa daga wutar kamfani zuwa janareta.

Sai hanyar aika saƙo. Mazauna jihar Kaduna ba su manta ba cewa a ƙarshen Satumbar 2021 gwamnati ta sa an katse layukan sadarwa a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, ba a kuma dawo da su ba sai a ƙarshen Nuwamba. Wannan ya isa hujjar cewa jiniya ba za ta dogara da sabis ba. A ranakun da komai ke tafiya daidai kuwa, na'ura mai kyau tana da aƙalla hanya biyu: intanet na gida da kuma katin SIM. Wadda take ɗaukar SIM biyu ta fi, muddin an saka layukan kamfanoni daban-daban, misali MTN da Airtel, bayan an gwada ƙarfin kowanne a daidai kusurwar da za a kafa akwatin, ba a bakin get ba. A tabbatar tana iya aika saƙon tes ko buga kira, domin sanarwar manhaja ba ta isa ga wayar da datarta ta ƙare. A zaɓi mai 4G a kan mai 2G kaɗai. Layin kuma a yi masa rajista da lambar NIN ta mai gida, ba ta mai haɗawa ba, a riƙa saka masa kati, saboda layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya rufe shi, kuma ba wanda zai lura sai ranar da aka buƙace shi.

Akwai wata dogaro da ba a cika gani ba, wato dogaro da kwamfutocin kamfani da ke wata ƙasa. Na'urori masu araha da yawa ba sa iya komai sai saƙo ya je can ya dawo. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai kayan sarrafa gida ta waya, ya kashe kwamfutocinsa ba tare da gargaɗi ba, manhajar masu amfani da shi ta daina aiki har sai da wasu suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Google ma ya daina tallafa wa na'urarsa ta Nest Secure a Afrilun 2024. Idan manyan kamfanoni za su yi haka, babu dalilin amincewa da akwatin da ko sunan maƙerinsa ba a rubuta ba. A nemi wadda take yanke shawara a cikin gida, intanet ya zama ƙari kawai.

A nan ne ya dace a ja hankalin masu sa 'yan'uwa su aiko musu da kaya daga waje. Na'urori irin su Ring da SimpliSafe an tsara su ne tare da cibiyoyin sa ido na ƙasashen da ake sayar da su, waɗanda ba za su kira wa kowa 'yan sanda a Malali ba. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu kuwa 230. Sannan tsarin sadarwar Z-Wave yana amfani da zango daban-daban: wajen megahaz 908 a Amurka, wajen 868 a Turai, don haka sensar da aka sayo daga can ba za ta yi magana da uwar da aka sayo daga nan ba, ko da tambarinsu iri ɗaya ne.

Batun zaɓen sensa mai waya ko mara waya ya danganta da halin gidan. Wanda yake gini yanzu, a Millennium City ko wani sabon fegi, ya binne bututun waya zuwa kowace ƙofa da taga tun kafin filasta, domin sensa mai waya ba ta cin batir kuma ba a toshe mata sigina. Mai haya a Barnawa ko Unguwar Rimi kuwa, mara waya ce ta dace da shi, tunda zai iya kwance ta ya tafi da ita. Sai dai bulon siminti da rufin kankare da ƙofofin ƙarfe suna rage ƙarfin sigina ƙwarai, nisan da aka rubuta a kwali kuma an auna shi ne a fili. A guji rimot da sensa masu arha da ke aika lamba guda wadda ba ta sauyawa, saboda ana iya kwafe ta a sake aikawa. Mai kyau tana ɓoye saƙonta, tana tuntuɓar kowace sensa lokaci zuwa lokaci don ta san tana nan, tana kuma yin ƙorafi idan an buɗe murfi ko an yi ƙoƙarin toshe sigina. Kayan kamfanoni irin su Ajax da Paradox da Hikvision suna da samfuran da ke yin waɗannan, amma a duba samfurin da ke hannu, kada a tsaya ga sunan kamfani.

Yanzu sai haɗa ta da sauran kayan gida, wato fitilu da makunnai da makullai da ake sarrafawa ta waya. Waɗannan kaya suna magana da juna ta hanyoyi daban-daban. Wi-Fi ya fi sauƙi amma yana cin batir kuma yana mutuwa tare da rauta. Zigbee da Z-Wave ba sa cin wuta sosai, kuma na'urorin da ke jone da lantarki suna miƙa wa juna saƙo har ya kai nesa. A watan Oktoban 2022 aka fitar da ƙa'idar Matter, wadda Apple da Google da Amazon da Samsung suka goya wa baya, domin kayan kamfanoni daban-daban su fahimci juna a cikin gida. Ganin tambarinta a kwali alama ce mai kyau ga fitila ko makunni, amma bai wadatar a matsayin shaida cewa wata uwar na'urar tsaro za ta haɗu da su ba. A sa mai shago ya nuna haɗin yana aiki a gaban ido.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a sayi akwati guda ya riƙe tsaro da fitilu gaba ɗaya, ko a raba su: na'urar tsaro ta tsaya da ƙafarta, tsarin sarrafa gida kuma, irin Home Assistant da ke aiki a kan ƙaramar kwamfuta a cikin gida, ya riƙa sauraron abin da take faɗa. A ganina ta biyun ta fi dacewa da mu, ko da ta fi tsada da wahalar haɗawa, domin ranar da manhajar fitilu ta rikice, tsaron gida ba zai rikice tare da ita ba. Ko tsohon akwati mai waya yana iya shiga wannan tsari idan yana da mafitar da ke rufe layi lokacin da jiniya ta tashi.

Haɗin da ya cancanci wahala ba shi da yawa. Idan jiniya ta tashi, duk fitilun waje da na tsakar gida su kunnu, kyamara ta aiko hoto. Idan aka danna cewa kowa ya fita, na'urar sanyaya ɗaki da hita da famfon jan ruwa su mutu. Idan iyali sun yi tafiyar Sallah, fitilun wasu ɗakuna su riƙa kunnuwa bayan Magariba suna mutuwa a lokuta mabambanta. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne sauran kayan su sami ikon kashe tsaro. Kada a bari murya ta kashe shi, tunda ana iya yin magana ta taga, kada kuma a bari ya kashe kansa don kawai wayar mai gida ta matso kusa, tunda waya ana fizge ta. Wani ƙaramin abu da kan tsayar da aiki: makunnan zamani da yawa suna buƙatar wayar nutural a cikin akwatin bango, gidajenmu da dama kuma ba a ja ta zuwa wurin ba, don haka a kira mai gyaran wuta ya duba kafin a saya.

Wajen kafa sensa, yanayin garinmu yana da nasa hukuncin. Sensar motsi tana aiki ne da bambancin zafin jikin mutum da na wurin, don haka a zafin Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki kan kusanci zafin jiki, ƙarfin ganinta yakan ragu, sai dai idan irin wadda ke daidaita kanta da yanayi ce. Kada a fuskantar da ita ga taga mai rana ko bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ƙurar hunturu tana rufe idon sensa tana kuma ruɗar mai gano hayaƙi, saboda haka a riƙa goge su. A tsakar gida akwai mage da kaji da ƙadangaru, wani lokaci har da ragon layya, don haka a nemi sensar waje mai ido biyu wadda ba ta ƙara sai duka biyun sun ga abu. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin jiniyar da ta tayar da maƙwabta sau uku a banza, a karo na huɗu ba wanda zai leƙo.

Tsarin dare ma yana son lura. A gidan da ake tashi sallar Asuba, ko sahur a watan azumi, sensar motsi ta cikin falo da baranda dole ta kwanta da dare, a bar ta ƙofofin waje da tagogi da katanga a farke. A ƙara maɓallin neman agaji kusa da gado. A kuma saka mai gano iskar gas a kicin, can ƙasa kusa da daɓe, saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, tare da mai gano gubar hayaƙin janareta kusa da ɗakunan kwana, domin wannan guba ba ta da wari ko launi. Makullin zamani kuwa, dole ya kasance ana iya buɗe shi da hannu daga ciki ko babu wuta, musamman a gidan da duk tagoginsa ke da ƙarafa.

Ya rage a san wa zai amsa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma na'urar ba ita za ta yi bayani ba, mutum ne. A jera lambobin da za ta sanar: mai gida, uwargida, mai gadi, da maƙwabci guda da aka yi magana da shi tun da wuri. Wanda zai ɗauki kamfanin gadi mai zaman kansa ya nemi ganin lasisinsa, domin hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kan irin waɗannan kamfanoni, ya kuma tambayi inda motarsu take kwana da nisanta da unguwarsa. Kowane ɗan gida a ba shi lambar sirrinsa daban, ta yadda idan mai aiki ya bar gidan za a goge tasa kaɗai. Idan na'urar tana da lambar tilas, wadda ke kashe jiniya amma ta aika saƙon neman ɗauki a ɓoye, a saita ta a koya wa manya.

Kafin a biya mai haɗawa cikon kuɗinsa, a buɗe asusun manhajar da lambar waya da imel na mai gida, a sauya lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, a kuma rage ikon mai haɗawa ta yadda ba zai shiga ba sai an ba shi izini. Sannan a sanar da maƙwabta cewa za a yi gwaji, a kashe wutar gidan gaba ɗaya har da inbata, a cire rauta, a kunna tsaro, a buɗe kowace ƙofa da taga ɗaya bayan ɗaya ana duba ko jiniya ta tashi kuma saƙo ya iso. Daga nan a cire SIM a sake buɗe ƙofa guda. A maimaita wannan gwaji a farkon damina da farkon hunturu, da kuma duk lokacin da aka canja batir.