Yadda Ake Gano Abin Da Ke Katse Kwafin Ajiya Daga NAS Zuwa Faifan Waje

Duk wanda ya zo mini da kukan cewa kwafin bayanansa daga na'urar NAS (na'urar ajiyar bayanai da ake jonawa da netwok) zuwa faifan USB ya ƙi kammaluwa, tambayar da nake fara yi masa ita ce: a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ko kuwa yau nan gobe can? Yawancin sababbin hannu ba su da amsa, domin da zarar sun ga jan rubutu sai su sake kunna aikin, in ya kuma tsayawa su yi wa faifan fomat, har su shafe ɗan abin da ya riga ya shiga. Kada ka kusanci fomat kafin ka karanta rajistar ayyuka. A NAS ɗin kamfanin Synology tana cikin manhajar Log Center, a na kamfanin QNAP kuma manhajar Hybrid Backup Sync tana ajiye rahoton kowane aiki. Ka rubuta sunan fayil na ƙarshe da lokacin da aikin ya katse, ka sake gwadawa sau biyu, sannan ka kwatanta.

Idan a kan fayil ɗaya yake tsayawa, to ka duba tsarin da aka yi wa faifan fomat da shi, kuma a nan ne ni kaina na sha wahala. Na taɓa kula da ajiyar wani shagon masu ɗaukar bidiyon biki, inda USB Copy, manhajar kwafi ta Synology, yake kwashe hotuna dubbai lafiya lau, amma da ya iso foldar bidiyo sai rahoto ya nuna aikin bai cika ba. Na canza kebul, na canza kafar USB, na kashe na'urar na kunna, har na fara zargin faifan jabu ne. Sai a kwana na huɗu na lura cewa duk fayilolin da suka ƙi wucewa sun haura gigabait 4, faifan kuwa yana kan tsarin fomat na FAT32. Wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa akwai sararin terabait biyu a cikin faifan, kuma wannan sararin shi ne yake ruɗar mutane, tunda hankali ba ya kawo cewa faifan da ba komai a cikinsa zai ƙi karɓar bidiyo ɗaya.

Maganin shi ne ka kwashe abin da ke kan faifan zuwa wani wuri, sannan ka sake masa tsari. In faifan zai zauna tare da NAS ne, ka sa masa ext4, domin shi ne tsarin da na'urar ta fi sabawa da shi, kuma yana riƙe izinin fayiloli yadda suke. In dole sai an riƙa buɗe shi a Windows, ka zaɓi NTFS. Ni ba na amincewa da exFAT wajen ajiya, duk da cewa Synology ta daina karɓar kuɗin manhajarsa tun daga DSM 7.0 (babbar manhajar da ke tafiyar da NAS ɗinta) a 2021, saboda ba shi da kundin cikin faifai (journal) da ke taimaka wa faifai ya farfaɗo bayan an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu.

In tsarin ba FAT32 ba ne amma har yanzu fayil ɗaya ne ke tsayar da aikin, ka dubi sunansa. Tsare-tsaren Windows ba sa yarda da alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu na sama da ƙasa a cikin suna, ext4 kuma yana tsayawa a bait 255, alhali haruffa masu ƙugiya irin ƙ da ɗ, da na ajami, kowannensu bait biyu yake ci. Ka gajarta sunan ka sake gwadawa.

Idan kuwa wurin tsayawar yana canzawa, to ka bar fayiloli ka koma kan wuta. Kafar USB 2.0 miliamfiya 500 take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, ƙananan faifai masu inci 2.5 kuwa da wannan kaɗai suke rayuwa, don haka doguwar waya ko mahaɗar USB marar wutar kanta ta isa ta sa faifan ya ɓace ya dawo. Alamarsa a rajista ita ce a ce an cire na'urar waje alhali ba wanda ya taɓa ta. Ka yi amfani da gajeren kebul ɗinsa na asali, ka jona shi kai tsaye. Na fi son babban faifai mai inci 3.5 da adaftarsa ta bolt 12, ko da ya fi tsada, amma sai adaftar ta hau UPS (batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke) ɗaya da NAS ɗin. Na ga ofisoshi da dama da suka sa NAS a UPS suka bar faifan a soket ɗin bango, sai daƙiƙun sauyawa zuwa janareta su katse kwafin kowane dare.

Bayan irin wannan katsewa, faifan NTFS kan koma na karantawa kawai. Ka kai shi kan Windows, ka gudanar da umarnin gyaran faifai na chkdsk /f, ka cire shi ta hanyar da ta dace. Ka duba ko an zaɓi a fitar da faifan bayan kowane kwafi, domin in haka ne aikin gobe ba zai same shi ba sai an zare an mayar. Ka kunna share tsofaffin kwafi don kada faifan ya cika, ka duba lafiyarsa ta SMART, wato rahoton da faifai ke bayarwa kan lafiyar kansa, in gurɓatattun sassa suna ƙaruwa ka canza shi. Da aikin ya kammala, ka dawo da babban bidiyo ɗaya daga faifan zuwa kwamfuta, ka kalle shi har ƙarshe.