Yadda ake tantance tsohuwar libarbar Webley ta sojan Ingila

Kafin komai, danna maƙullin da ke gefen hagu, ka karya bindigar gida biyu. Webley ta sama take buɗewa, bututun ya sunkuya, ƙarfe mai siffar tauraro da ke tsakiyar ganga, wato gidan harsashi mai juyawa, ya turo kwanson harsashi waje. Leƙa ramuka shidan nan, ka tabbata babu kome ciki.

Sai ka dubi ƙota da bututu. Daga Mk I ta 1887 zuwa Mk V ta 1913, ƙotar a lanƙwashe take kamar kan tsuntsu, bututun kuma yawanci inci 4. Mk VI ta 1915, wadda aka fi yin yaƙin duniya na farko da ita, ƙotarta mai kusurwa ce, bututunta inci 6. Dukansu harsashin .455 suke ci. Inda sababbin masu tara tsofaffin bindigogi ke faɗawa rami shi ne sunan Mk IV: akwai ta 1899 mai .455, ta yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, akwai kuma ƙaramar Mk IV mai .38 ta yaƙin duniya na biyu, wadda sau da yawa aka buga mata WAR FINISH, wato aikin lokacin yaƙi da ba a goge sosai ba. Sunan ɗaya, bindigogin daban.

Yanzu hatimai. Alamar kibiya mai faɗin kai tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Kibiyoyi biyu baki da baki na nufin soja sun sayar da ita. Lambar da ke jikin bindigar ta dace da ta bututu da ta ganga. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce, kuma darajarta ta faɗi.

Bayan gangar ya fi kome buƙatar ido. Dillalan Amurka sun kankare bayan gangar Webley masu yawa don su ci harsashin .45 ACP. Za ka gane ta da lambar ganga da aka yanke wa gindi, da giɓi mai faɗi tsakanin ganga da jiki. Ƙarfin wannan harsashi ya wuce abin da aka ƙera bindigar ta ɗauka, yana iya fasa gangar. Irin wannan ta ajiya ce kawai.

Akwai kuma jabun maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan: haruffa a karkace, wani lokaci N a juye, ƙarfe mai laushi.

Kada ka goge ta da sanfefa don ta yi ƙyalli, ka zubar da darajarta ke nan. Ɗan mai da tsumma mai laushi sun isa tsatsar sama. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba cikin haramtattun bindigogi, tsufanta bai fitar da ita ba, sai da lasisin shugaban ƙasa.