Yadda ake amfani da kalmar "frisky" ba tare da an yi abin kunya ba

Frisky sifa ce a Turanci, kuma dabba aka fi jingina wa ita, wadda ƙoshi da lafiya suka sa ta tsalle-tsalle. Ka leƙa kasuwar dabbobi ta Zangon Tudun Wada da sassafe, ka ga ɗan tunkiya yana tuma, yana kai wa ɗan'uwansa karo da wasa, yana fizgar igiya: wannan shi ne "a frisky lamb". Haka ɗan akuya, kwikwiyo, da dokin da ya kwana biyu a ɗaure ba a hau shi ba.

Wuri biyu take zama a jimla. Ko dai gaban suna, kamar "a frisky puppy", ko bayan is, feel ko get: "The horse is frisky this morning." In za a kwatanta, y ɗin ƙarshe yana komawa i, a samu friskier da friskiest. Ɗalibai masu shirin WAEC da NECO su kula, "friskyer" kuskuren rubutu ne, "more friskier" kuwa maimaita kwatanci ne sau biyu.

Inda ake zamewa shi ne a kan mutane. A hirar yau da kullum, in aka ce baligi yana frisky, yawanci ana nufin sha'awa ce ta motsa masa. Don haka kada ka rubuta wa abokiyar aikinka "You look frisky today" da nufin yaba kuzarinta. Lively ko energetic ne daidai. Yaro mai son wasa playful za a ce masa, wanda wasansa ya kai ga ƙiriniya kuma mischievous.

Akwai kuma aikatau frisk, wanda a yau aka fi amfani da shi da ma'anar laluben jiki, irin wanda masu tsaro ke yi a ƙofar shiga. "The guard frisked him" yana nufin ya lalube shi, amma hakan bai mai da shi "frisky guard" ba.

Wajen furuci gaɓa biyu ce, fris-ki, nauyi a kan ta farko. Harshenmu yakan cusa wasali ta koma "firiski". Ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, hura iska, ka wuce kan r kai tsaye. In f ɗin ya ɓace, mai sauraro zai ji risky, wato abu mai haɗari.