Hawan Dutsen Kamaru don tunawa da mamaci: inda ake yin tuntuɓe

Ciwon daji ya ɗauke maka uwa ko yaya, ka yi niyyar hawa Dutsen Kamaru don tara wa masu jinya kuɗi da sunan marigayin. Allah ya kai ladan kabarinsa. Sai dai mafi yawan kurakuran tun a gida ake tafka su, kafin ƙafa ta taka dutse.

Babba a cikinsu shi ne haɗa kuɗin tafiya da kuɗin sadaka a aljihu ɗaya. Daga Garwa zuwa Buea, garin da ke gindin dutsen, akwai mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, wata motar kuma, ga kuɗin shiga gandun dajin da dutsen yake ciki, ga jagora da 'yan dako. Matar da ta turo maka sefa 2,000 ta Orange Money, mara lafiya ta yi nufi, ba tikitinka ba. Ka biya hanyarka da guminka. In ba hali, ka faɗa tun farko cewa kaza na tafiya ne, mai so ya bayar. Ka ware lamba ta daban don gudummawa, ka sa wani dattijo, ko kawunka ko limamin unguwa, ya riƙa ganin abin da ke shiga.

Wasu kuma sai kuɗi ya taru suke fara tambayar wa za a ba. Ka je wurin ƙungiyar ko sashen masu jinyar tun kafin ka yi shela, ka ji abin da ya fi damunsu. Mu 'yan arewa mun sani, sau da yawa kuɗin mota da masauki ne ke hana mutum komawa Yawunde ko Duwala ya ƙarasa magani.

Akwai wani kuskuren da matasa ba sa ma ganinsa kuskure: buga hoton marigayiya a riga, da baza labarin ciwonta a Facebook. Mata nawa ne suka ɓoye ciwon dajin nono har ga kishiyoyinsu? Ka durƙusa gaban mahaifinka ka ce, "Baba, ina neman izini in ambaci sunan Inna da ciwon da ya yi ajalinta." In ya ce a bar wa Allah, to "mahaifiyata" kawai ya isa.

Sai dutsen kansa. Tsayinsa ya haura mita 4,000, Garwa kuwa da ƙyar ta wuce mita 200. Zagayen safe a bakin Binuwai ba horo ba ne, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Ka yi wata biyu kana hawa Tinguelin ko duwatsun Ngaundere da jaka a baya, da takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi ranar hawa, kumburin ƙafa ne kawai. Kuma ɗan Garwa da ya saba da zafin Afrilu ba ya yarda akwai sanyi sai ya kwana a bukka ta biyu, ɗaya daga zangunan masu hawa a kan dutsen, haƙoransa na kaɗawa. Rigar sanyi mai kauri, safar hannu, hula mai rufe kunne.

Kada tseren hawan dutsen da ake yi a watan Fabrairu ya ruɗe ka. Waɗancan da ke hawa su sauko cikin sa'o'i biyar 'yan tsere ne, kai ka ba shi kwana uku. Ka je da rani, tsakanin Nuwamba da Maris, don daminar can ba irin tamu ba ce. Kada ka hau da azumi a baki. Ka kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ka tashi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa, "Na yi wa Inna alkawari sai na kai ƙoli." Daga mita 2,500 zuwa sama iska tana ƙaranci. Ciwon kai da amai da jiri alama ce ka tsaya. In ka fara tangaɗi ko numfashi ya gagara kana zaune, ka sauka nan take, ko da dare ne. Jagora ya ce a juya, a juya. Masu jinyar za su karɓi kuɗinsu ko a bukka ta biyu ka tsaya.

Da ka dawo, kada mako ya wuce ba ka miƙa kuɗin ba. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hotonsa, ka tura wa duk wanda ya bayar, har da mai sefa 500.