Yadda ake kafa garken shanu masu cin ciyawa zalla a karkarar Kumasi

Mutum zai tara 'yan kuɗinsa a unguwar Aboabo ko Asawase cikin Kumasi, ya leƙa Mayanka gab da Layya ya ga yadda farashin sa yake hawa, sai ya ce shi ma garke zai kafa. Ya sayi shanu tukuna, sannan ya shiga neman inda zai kai su. Nan aka fara yin baibai. A kiwon ciyawa, sayen shanu shi ne kusan na ƙarshe a jeri.

Mataki na farko, fita daga kurmi. Kewayen Kumasi ƙasar koko ce da rogo, ba ta da sararin kiwo, ga ƙudan tsando mai kawo sammore. Ciyawa tana arewa da gabas: bayan Mampong, wajen Ejura, Drobonso da filayen Afram. Ka je ka duba wurin a watan Fabrairu, lokacin da rani ya yi tsanani. Da damina ko'ina kore ne, ido zai ruɗe ka.

Na biyu, fili, kuma nan ne ya kamata ka daɗe. Yawancin ƙasar Asante ta kujerar sarauta ce. Haya ake ba ka na wasu shekaru, ba mallaka ba. Za ka fara da Odikro, mai garin ƙauyen, shi zai kai ka gaban Omanhene, babban sarkin yankin. Kuɗin gaisuwar da ka bayar a fada ba shi ne takarda ba. Ka kawo mai awon fili ya fitar da taswira, a rubuta yarjejeniya da ta ambaci kiwon shanu ƙarara, ka yi mata rajista a Hukumar Filaye. Idan ba ɗan Gana ba ne kai, tsarin mulkin 1992 bai yarda hayarka ta wuce shekara 50 ba.

Sa hannun sarki kaɗai ba ya hana rigima. Abin da ya faru a Agogo, wani gari a ƙasar Asante, ya isa darasi: an ba masu shanu fili daga sama, manoman da ke noma a gefen ba su gamsu ba, ɓarna ta yi yawa, aka yi asarar rayuka, har Babbar Kotun Kumasi ta ba da umarni a 2012 a fitar da shanun daga yankin. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka taka iyakar filin da ƙafa tare da dattawan ƙauye da duk wanda gonarsa ta taɓa iyakar. Ka tambayi ina rafin da mata suke ɗibar ruwa, ina kurmin da ba a shiga, wace rana ce ba a aiki a daji. A wurare da dama na Asante ranar Alhamis ce. Ba addininka ba ne, amma ƙasarsu ce. A zaman nan ne kuma za ku tsayar da maganar diyya tun ba a yi ɓarna ba: wa zai je ya kimanta, cikin kwana nawa za a biya. Ranar da maraƙi ya tsallake ya ci masarar wata tsohuwa, kada ka aiko yaro. Ka je da kanka, ka ce "Maame, ki yi haƙuri", ka biya kafin magana ta kai fada.

Na uku, ruwa. Babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a rana da zafi, mai shayarwa ta fi haka. Ka haƙa rijiyar burtsatse ko tafki naka, ka gina kwami na siminti. Kada shanunka su sa ƙafa a mashayar ƙauye. Ruwan da aka dama da kofato da kashi ya fi gonar da aka ci saurin tunzura mutane. In da hali, ka fitar da famfo ɗaya wajen shinge don mutanen gari.

Na huɗu, shinge da ciyawa. Kewaye filin da waya mai ƙaya, ka dasa itacen Gliricidia a layin turakun. Reshe ake yankewa a kafa ya kama, ganyensa kuma abinci ne da rani. Sai ka raba cikin gida shida ko takwas. Shanu su shiga ɓangare ɗaya lokacin da ciyawa ta kai gwiwa zuwa ƙugu, kafin ta yi fure. Su yi 'yan kwanaki, ka fitar da su tun da sauran kamar taƙi ɗaya a ƙasa, wurin ya huta mako huɗu zuwa shida. Gamba da ciyawar Gini suna jure wannan. Tofa kuwa in ta girma shanu ba sa ƙaunarta. Babban abokin gaba shi ne ciyawar nan da ake kira Acheampong: duk inda aka bar shanu suka cinye ƙasa ƙwal, ita ke mamayewa, ba a cinta, kuma sara ba ya kashe ta sai an tumɓuke saiwar.

Yanayinmu ba irin na Kano ko Sakkwato ba ne. Damina biyu muke da ita, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, da ɗan hutun ruwa a Agusta. A ƙarshen ƙaramar daminar za ka yanke ciyawa ka shanya ka tara a rumfa. Ka kuma ƙulla da manoman Ejura: su ba ka karan masara da harawar wake da ta gyaɗa bayan girbi, kai ka ba su taki. Ɓawon rogo ma abinci ne, amma sai ya bushe sarai, ɗanyensa yana da guba. Gishiri da kanwa kada su yanke. Kafin hunturu ya sauka a Disamba, ka share faffaɗan layi kewaye da shinge saboda gobarar daji, kuma ka gargaɗi makiyayinka kada ya sa wuta don neman sabon tsiro. Dokar gobarar daji ta 1990 ta hana, ƙauye kuma ba ya mantawa.

Yanzu sai shanu. Bunaji da Gudali sun fi cika ido a kasuwa, amma sammore da kirci suna wahalar da su a nan. Ndama da gajerun shanun ƙasar nan masu ƙananan ƙaho sun fi juriya, sai dai jikinsu kaɗan ne. Ni Sanga nake zaɓa, wadda aka samu daga haɗin gajerun da masu tozo. Fara da karsana goma da bijimi ɗaya, ka ga yadda ciyawarka za ta ɗauke su har ƙarshen rani kafin ka ƙara. Ka karɓi takardar izinin ɗauko su daga ofishin likitan dabbobi, ka ware sababbi na mako uku, a yi musu allurar ciwon huhu da ta saifa, a riƙa wanke kaska a kai a kai. Cikin saniya wata tara ne, kuma sa mai cin ciyawa zalla yakan kai shekara uku zuwa huɗu kafin ya isa yanka. Wanda yake son kuɗinsa su dawo kafin Layya mai zuwa, turke ya kamata ya yi a gida da dusa.

Makiyayi kuma a yi magana da shi a gaban shaidu: albashi nawa, nonon na wa ne. Bisa al'ada nonon na iyalinsa ne, matarsa ta yi wagashi, wato cukun nono, ta kai kasuwar Ejura ranar Litinin, amma ka sa sharaɗi a bar wa maraƙi rabonsa. Ka ɗauki matashi ɗaya ko biyu daga ƙauyen don gyaran shinge da yankan ciyawa. Idan an yi rasuwa a ƙauyen ka je ranar Asabar ka zauna a rumfa, ka ba da gudummawarka a rubuta sunanka a littafi. Garke in ya kai talatin kuma shekara ta zagayo, zakkarsa maraƙi ɗaya ne.